Gyaran Gangar Auzinawa a Kwazazzabon Kolorado

Duk wanda ya taɓa buɗe littafin labarin ƙasa na makarantar sakandare, da wuya a ce bai ci karo da hoton wani makeken kwazazzabo mai jajayen duwatsu ba, wanda ke jihar Arizona ta ƙasar Amurka. Masu wurin suna kiransa Giran Kanyon, wato babban kwazazzabo. Kogin Kolorado ne ya sassaƙa shi sannu a hankali cikin shekaru miliyan biyar zuwa shida, bisa ƙiyasin masana duwatsu. Tsawonsa kilomita 446, faɗinsa a wasu wurare ya kai kilomita 29, zurfinsa kuwa ya haura mita 1,800 a inda ya fi zurfi. Littattafan sukan tsaya nan, su bar ɗalibi yana zaton tun fil azal haka wurin yake a killace, namun daji na kiwo, baƙi na kallo. To, ba haka abin yake ba. An fi shekara ɗari ana fafatawa a kansa, kuma abin da ya fi ɗaukar hankalinmu a cikin tarihin shi ne, sau da dama waɗanda suka tashi kare shi su ne suka yi masa illar da har yau ake ta ƙoƙarin gyarawa.

Turawan da suka fara ganinsa ba su ga abin karewa ba. A shekarar 1540 wasu sojojin Sifaniya masu neman zinariya suka iso bakinsa, suka yi 'yan kwanaki suna neman hanyar sauka wajen ruwa, suka kasa, suka juya. Bayan sama da shekara ɗari uku, a 1858, wani hafsan sojan Amurka mai suna Joseph Ives ya zagaya yankin, ya rubuta wa gwamnatinsa rahoto cewa wuri ne marar amfani, kuma yana zaton ayarinsa ne na ƙarshe da zai wahalar da kansa zuwa nan. Wanda ya sauya wannan ra'ayi shi ne Manjo John Wesley Powell, mutumin da ya rasa hannunsa na dama a yaƙin basasar ƙasar. A watan Mayu na 1869 ya shiga ruwa da mutum tara da jirage huɗu na katako, suka bi kogin har suka ratsa kwazazzabon. Mutum shida ne suka fito a ƙarshen watan Agusta, a rame, abincinsu ya kusa ƙarewa. Ɗaya ya janye tun da wuri, uku kuma suka yanke shawarar hawa dutse su fita da ƙafa ana saura kwana biyu a kammala tafiyar, ba a sake ganinsu ba. Labarin da Powell ya rubuta da zane-zanen da aka buga tare da shi su suka sa mutanen biranen gabas suka fara marmarin ganin wurin da idonsu.

Daga nan doka ta biyo baya, amma da jan ƙafa. Wani ɗan Majalisar Dattijai, Benjamin Harrison, ya gabatar da ƙudurin mayar da wurin gandun ƙasa tun 1882, majalisa ta yi biris da shi. Sai da ya zama shugaban ƙasa ya samu ya ayyana shi gandun daji a 1893. Jirgin ƙasa ya iso bakin kudu na kwazazzabon a 1901, baƙi suka fara kwarara. Shugaba Tiyodo Ruzabelt ya ziyarci wurin a 1903, ya roƙi mutanen Arizona su bar shi yadda suka same shi, don babu abin da hannun mutum zai iya ƙara masa sai ɓarna. A 1906 ya ayyana wani sashe gandun namun daji, a 1908 kuma ya yi amfani da wata doka ta kare kayan tarihi ya killace wajen eka 800,000. Sai ranar 26 ga Fabrairu, 1919, wurin ya zama cikakken gandun ƙasa, shekara 37 bayan ƙudurin farko.

Me ya jawo wannan jinkiri? Masu haƙar ma'adinai da masu kiwo, kuma babu wanda ya kai wani mai suna Ralph Cameron taurin kai a cikinsu. Dokar lokacin ta ba duk wanda ya gano ma'adini damar kafa alama ya mallaki wurin. Cameron ya bi hanyar da ake sauka cikin kwazazzabon ya kakkafa alamu a duk inda matafiyi zai bi ko ya sha ruwa, ya sa shinge a bakinta, yana karɓar dala ɗaya a kan kowane mahayi. Ma'adinin da yake haƙa, in an bi ta barawo, aljihun baƙi ne. Aka yi ta shari'a har Kotun Ƙoli, wadda ta yanke a 1920 cewa alamunsa ba su da tushe, kuma shugaban ƙasa yana da ikon killace wurin. A shekarar nan kuma aka zaɓe shi ɗan Majalisar Dattijai, ya tafi Washinton ya ci gaba da yi wa hukumar gandun ƙafar ungulu a wajen kasafin kuɗi. Hanyar ba ta koma hannun hukuma ba sai 1928.

Irin su Cameron maƙiya ne na fili, kowa ya san inda suka dosa. Labarin bareyin Kaibab ya fi shi ban tausayi, domin da kyakkyawar niyya aka fara shi. Kaibab wani faffaɗan tudu ne mai dazuzzuka a bakin arewa na kwazazzabon, kwazazzabo ya tare shi ta kudu, hamada ta kewaye sauran sassan, don haka dabbar da ke kansa ba ta da inda za ta. Lokacin da Ruzabelt ya ayyana gandun namun daji a 1906, an ƙiyasta bareyin da ke wurin wajen 4,000. A tunanin mutanen zamanin, namun daji iri biyu ne, akwai na kirki masu cin ciyawa, akwai mugaye masu cin nama, kuma aikin mai gadi shi ne ya raba na farko da na biyu. Aka hana farautar barewa, aka ɗauki maharba aiki, gwamnati na biyansu, su kashe duk abin da ke cin ta. Cikin shekara ashirin da 'yan kai suka kashe ɗaruruwan wata irin damisa da suke kira zakin dutse, da dubban wani irin dila, suka kuma ƙarar da 'yan kyarketan da suka rage. An kuma rage tumaki da shanun da ke gasar ciyawa da bareyin.

Bareyi suka hayayyafa. Zuwa 1924 wasu sun ce sun kai 100,000, wasu sun ce ba su wuce 30,000 ba, kuma masana na baya sun nuna cewa yawancin alƙaluman hasashe ne na masu wucewa a kan doki. Amma babu gardama a kan abin da ido ya gani. Sun cinye ciyawa, suka koma kan ganye, suka gwaigwaye ƙananan itatuwa har iyakar inda bakinsu ke kaiwa in sun miƙe a kan ƙafafun baya. Da hunturu ya shigo suka riƙa mutuwa dubbai saboda yunwa. A watan Disamba na 1924 har an gwada wata dabara da ba za a ji ta ba a yi murmushi ba, wato aka tara mahaya da masu ƙafa da ƙararrawa da gwangwanaye, wai za su kora bareyin su gangara cikin kwazazzabon, su haye kogi, su hau bakin kudu inda akwai abinci. Dusar ƙanƙara ta sauko, bareyi suka watse ta tsakanin masu korar, ko ɗaya ba ta haye ba. Ƙarshenta gwamnatin da ta hana harbin barewa ita ce ta je har Kotun Ƙoli a 1928 tana neman a tabbatar mata da ikon harbe su, jihar Arizona na hana ta. Masanin daji Aldo Leopold ya riƙa kafa misali da Kaibab a rubuce-rubucensa, har labarin ya shiga littattafan makarantu, kuma yana cikin abubuwan da suka sa hukumomin gandaye suka daina ɗaukar mai cin nama a matsayin ɓarawo.

Ba zakin dutse kaɗai aka ga ya yi wa gandun yawa ba. Akwai mutane a cikinsa. Ƙabilu da dama na 'yan asalin ƙasar, waɗanda Turawa suka laƙaba wa suna Indiyawa, suna da alaƙa da kwazazzabon, amma Habasufai su ne mazauna cikinsa tun ɗaruruwan shekaru kafin Turawa su zo. Ma'anar sunansu mutanen shuɗin ruwa, saboda launin rafin da ke ratsa garinsu. Zamansu na ci-rani ne iri biyu. Da bazara suna ƙasa cikin kwazazzabo suna noman masara da wake da kabewa da ruwan rafi, da hunturu kuma, lokacin da rana ba ta daɗewa a cikin ramin kuma itacen wuta ya yi wuya, sai su hau tudu su yi farauta. A 1882 gwamnati ta taƙaita su a kan eka 518 kacal a ƙasan wani reshe na kwazazzabon. Da aka kafa gandun daji, sannan gandun ƙasa, sai hawan tudun ma ya zama laifi, farautar da suka gada ta zama satar namun gwamnati. A wani wuri mai marmaro da ke kan hanyar nan da Cameron ya taɓa tarewa, wasu iyalansu sun ci gaba da noma har 1928, shekarar da ma'aikatan gandu suka fitar da dattijo na ƙarshe daga gonarsa. Wurin ya zama zangon masu yawon buɗe ido, aka bar masa sunan Lambun Indiyawa, alhali babu Ba'indiye ko ɗaya a ciki.

A ganinmu wannan ya fi na bareyin muni, domin barewa ba ta iya kai ƙara, su kuwa sun yi ta kaiwa shekara da shekaru ba a saurare su ba. Abin takaici kuma, da maganar mayar musu da ƙasarsu ta zo gaban majalisa a farkon shekarun 1970, har da wasu ƙungiyoyin kare muhalli cikin masu adawa, suna tsoron kada a yanki gandu a ba wasu. Duk da haka dokar ta wuce. A watan Janairu na 1975 Shugaba Fod ya sa hannu, aka faɗaɗa gandun zuwa eka miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu, aka kuma mayar wa Habasufai eka 185,000, tare da ba su damar amfani da wasu eka 95,000 a cikin gandun don al'adunsu. Su da kansu suke kula da baƙin da ke zuwa kallon magangarun ruwansu, kuma kuɗin da baƙin ke biya shi ne babban abin da garin ya dogara da shi. Garin nasu, Sufai, ba ya da hanyar mota, tafiyar kilomita 13 ce daga inda mota ke tsayawa, alfadarai ke kai musu wasiƙu. Sunan lambun nan kuwa sai a 2022 aka sauya shi zuwa Lambun Habasufai, bisa roƙonsu.

Yanzu sai mu koma kan kogin kansa, don a nan ne aka yi babban yaƙin. Yammacin Amurka ƙasa ce mai ƙarancin ruwan sama, kuma jihohi bakwai ne ke rabon ruwan Kolorado, ban da ƙasar Meziko. Ga injiniyan madatsar ruwa babu abin da ya kai kwazazzabo daɗi, tun da Allah ya riga ya gina masa bango biyu, nasa kawai ya toshe tsakani. An gama madatsar Huba a ƙasa da gandun a 1936. A shekarun 1950 gwamnati ta so gina wata a can sama, cikin wani killataccen wuri a kan iyakar jihohin Yuta da Kolorado. Ƙungiyar Sierra Club, ƙarƙashin David Brower, ta tashi tsaye har aka janye a 1956, amma a madadin haka ta yi shiru a kan wata madatsar da za a gina a Gilen Kanyon, wani kwazazzabo da ke sama da Giran Kanyon kaɗan, wanda ba ya cikin gandu kuma mutane ƙalilan ne suka san shi. Sai da aikin ya yi nisa Brower ya shiga wurin ya ga abin da aka sadaukar. An rufe ƙofofin madatsar a 1963, ruwa ya haɗiye shi, Brower kuma ya yi ta nadamar wannan ciniki har ƙarshen rayuwarsa.

Saboda haka da gwamnati ta fito da shirin ƙarin madatsu biyu a cikin Giran Kanyon kansa, ɗaya a sama da iyakar gandun ta lokacin, ɗaya a ƙasa, Brower bai sake yarda da ciniki ba. Madatsun nan ba don ruwan sha za a gina su ba, wutar lantarki ake so a sayar, a kuma tura ruwa da ita zuwa biranen tsakiyar Arizona. Makamin da ya ɗauka shi ne takarda. Ƙungiyar ta buga littattafai masu manyan hotuna ta raba wa 'yan majalisa, sannan a watan Yuni na 1966 ta sayi cikakken shafi a manyan jaridun ƙasar tana kiran jama'a su rubuta wa wakilansu. Washegari hukumar haraji ta sanar da cewa za ta janye rangwamen da ake yi wa masu ba ƙungiyar gudummawa. Wannan mataki ya yi wa gwamnati ƙaiƙayi, domin mutanen da ba su taɓa damuwa da kogi ba sun fusata da ganin an sa hukumar haraji ta toshe bakin masu magana, wasiƙu suka yi ta zuba, 'yan ƙungiyar suka ƙaru. Masu son madatsa sun kawo hujjar cewa in ruwa ya taru, baƙi za su shiga kwalekwale su ga bangon dutse kusa da kusa. Ƙungiyar ta amsa da tambaya guda a wani shafin jarida, ko ya kamata a cika majami'ar Sistin ta fadar Fafaroma da ruwa don baƙi su matsa kusa da zanen da ke rufinta. A 1967 gwamnati ta janye, a 1968 aka sa hannu a dokar da ta kawo ƙarshen maganar. Sai dai wutar da ake nema dole ta fito daga wani wuri. Aka gina babbar tashar lantarki mai ƙona kwal a ƙasar ƙabilar Nabaho, kusa da madatsar Gilen, hayaƙinta ya riƙa dusashe sararin kwazazzabon da aka ceta, har aka rufe ta a 2019. An gudu gara an faɗa gidan zago ke nan, ko da yake zagon bai kai garar ɓarna ba.

Madatsar Gilen tana wajen iyakar gandun, amma babu abin da ya sauya cikinsa kamarta, kuma wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya ga yadda ambaliyar fadamun Haɗeja da Nguru ta ragu bayan gina madatsun Tiga da Challawa a can sama. Sunan Kolorado da Sifaniyanci yana nufin mai launin ja, saboda lakar da yake ɗauke da ita. Da, yakan yi ambaliya in ƙanƙarar duwatsu ta narke, ya zubar da rairayi a gaɓa, ruwansa ya yi ɗumi da bazara ya yi sanyi da hunturu. Bayan 1963 sama da kashi 90 cikin 100 na lakar ya riƙa kwantawa a bayan madatsa, ruwan da ke fitowa daga ƙasan tafkin ya zama garai-garai, kore, mai sanyin da bai cika wuce digiri 8 zuwa 10 ba duk shekara. Ga mai kallo ya fi kyau. Ga kifayen da aka halitta don ruwan laka mai ɗumi kuwa masifa ce. Cikin iri takwas na asalin wurin, uku sun ɓace daga kwazazzabon. Wani mai ƙusumbi a bayan kai ya tsira ne saboda ya fake a bakin wani reshe mai ɗumi da ake kira Ƙaramin Kolorado. An sa shi cikin jerin masu fuskantar ƙarewa a 1967, sai a 2021 aka sassauta matsayinsa bayan ya ɗan farfaɗo. Tudun rairayin da tsirrai da tsuntsaye da matafiya ke amfani da su suka riƙa zaizayewa babu mai mayar da su. Majalisa ta yi doka a 1992 cewa dole a riƙa sarrafa madatsar da la'akari da gandun, a watan Maris na 1996 kuma aka buɗe bututunta aka saki ambaliya ta ganganci har mako guda, don ta kwaso rairayin da ke ƙasan kogi ta ɗora a gaɓa. An maimaita haka sau da dama, har da 2023. Tudun sukan dawo, sannan su sake zaizayewa cikin 'yan watanni ko shekaru, a sake.

Kada mai karatu ya ɗauka duk abin da aka fitar daga gandun kuskure ne. Masu haƙar ma'adinai na da sun bar jakunansu a ciki, suka zama na daji, suka yi yawa har suna ƙwace wa tumakin dutse ciyawa da mashaya. Hukuma ta so harbe su, masu tausayin dabbobi suka hana, ƙarshe a farkon shekarun 1980 aka kwashe sama da 500, da yawansu a rataye cikin raga a ƙarƙashin jirgi mai saukar ungulu. Bambancin shi ne jaki baƙo ne a wurin, zakin dutse da laka da Habasufai kuwa 'yan gida ne.

Baƙon da ya fi jaki wuyar sha'ani shi ne ɗan yawon shaƙatawa, domin da sunansa aka kafa gandun, kuma ƙuri'arsa da wasiƙarsa ce ta hana madatsu. A 1919 mutum 44,000 ne suka ziyarci wurin, a 2019 sun kusa miliyan shida. Hanyar da Powell ya bi da ransa a hannu, zuwa 1972 sama da mutum 16,000 ke bin ta a shekara cikin jiragen roba, suna barin toka da shara da bayan gida a kan ɗan rairayin da ya rage. Hukuma ta ƙayyade yawansu, ta wajabta wa kowane ayari ya fito da duk abin da ya shiga da shi, har da bayan gidansa a cikin akwati. Layin masu jiran izinin shiga da jirginsu ya yi tsawo har mutum kan jira sama da shekara ashirin, sai a 2006 aka koma jefa ƙuri'a.

Akwai kuma wanda aka dawo da shi daga bakin kabari. Ungulun kondo, wadda faɗin fikafikanta ya kusa mita uku, ta ragu har saura 22 a duk duniya a 1982. Aka kame waɗanda suka rage aka riƙa kiwonsu a gidajen namun daji, a watan Disamba na 1996 aka saki shida a wasu duwatsu da ke arewa da gandun, a 2003 kuma ɗan tsako na farko ya tashi daga wani kogo a cikin kwazazzabon. Babban abin da ke kashe su shi ne dalmar harsashi da suke haɗiya a cikin mushen da maharba suka bari a wajen gandu, don ungulu ba ta san inda aka ja layi a taswira ba.

Ruwan ƙarƙashin ƙasa ma bai sani ba, kuma a kansa ne rigimar baya-bayan nan take. Yankin yana da yuraniyam, har an taɓa haƙarsa a bakin kudu, cikin gandun, daga shekarun 1950 zuwa 1969. A 2012 gwamnati ta dakatar da ba da sababbin izinin haƙa na shekara ashirin a kan wajen eka miliyan ɗaya da ke kewaye da gandun, a watan Agusta na 2023 kuma Shugaba Baidin ya killace sama da eka 900,000 da dokar nan da Ruzabelt ya yi amfani da ita a 1908. Wannan karon ƙabilun yankin ne suka nema, kuma sunan da aka sa wa wurin da harsunan Habasufai da Hofi ne. Amma dokar ba ta shafi masu tsohon izini ba. Watanni kaɗan bayan bikin sa hannun, wata mahaƙa da ke kudu da gandun, kusa da wani dutse da Habasufai ke girmamawa, ta fara fitar da yuraniyam, a saman ruwan ƙarƙashin ƙasa da suka ce shi ke ciyar da shuɗin rafin da suke sha.